Jiran Cikon Dangi: Lissafin Karta Tsakanin Wani Dattijon Tsafe da Ɗan Ƙanwarsa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Kowa ya yarda da wannan magana a baki, amma idan aka duba da kyau sai a tarar yawancin hanyoyin neman abinci a kan ganin hadari aka gina su. Manomin da ya yi binne ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ɗan kasuwar da ya sayi gero da kaka ya kulle yana jiran tsadar bazara, shi ma kuɗinsa ya binne. Ashe ke nan tambayar da ta rage ita ce, ruwa nawa ya kamata mutum ya yarda ya zubar, kuma yaya hadarin zai haɗu kafin ya yarda? Akwai wani wasan karta na mutanen Amurka da ake kira foka, wanda masu yin sa suka mayar da wannan tambaya lissafi tsagwaronsa. Wasan ya iso ƙasar Zamfara ta cikin wayar hannu, har ya zama sanadin muhawara tsakanin wani dattijo mazaunin Tsafe da ɗan ƙanwarsa, malamin lissafi a wata makaranta a Bunguɗu. Wannan maƙala za ta bi lissafin daki-daki yadda malamin ya fahimce shi, sa'an nan ta kawo abin da ya same shi da abin da kawunsa ya ce. An sakaya sunayensu domin magana ce ta cikin gida.

Karta a Ƙasar Gusau

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin tun zamanin da wuri yake kuɗi ake watsa shi a ƙasa, wani ya ci, wani a cinye shi. Karta ita ce baƙuwa, kuma sunanta ma ya nuna haka, don kuwa kalmar tana da 'yan'uwa a Larabcin Magariba da harsunan kudancin Turai. Haka nan kubi, watau dangin karta mai siffar zuciya, a Larabcin Sham kubba ake ce masa. Masana tarihi sun nuna cewa daga Masar ta zamanin sarakunan Mamluk karta ta shiga Turai a wajen shekarun 1370, kuma akwai ragowar irin wannan tsohuwar karta a gidan tarihi na Topkapi a birnin Santambul.

Garin Gusau, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa, ya bunƙasa ƙwarai da zuwan jirgin ƙasa daga Zariya, wanda ya ratso ta Funtuwa da Tsafe da Gusau har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Jirgi ya jawo kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, su kuma suka jawo lebura da direbobi da 'yan koli, Sabon Gari ta cika da baƙi. Duk inda kuɗi suke shiga hannun talaka sau ɗaya a shekara, to, 'yan karta ba su nisa da wurin. Dattijon da ake magana a kansa ya yi samartakarsa a cikin wannan hali. Yana yaron masu awon auduga ne a kasuwannin da ke tsakanin Tsafe da Gusau lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, kuma ya yi suna a bayan tasha wajen riƙe kartar da ta fita a ka, har abokansa suna cewa idonsa yana huda takarda. Duk da wannan baiwa, wata kakar auduga aka cinye masa kuɗin aikinsa da kekensa Rali a dare ɗaya. Tun daga ranar bai sake taɓa karta ba.

Hukuma ma ta sha ɗaga wa caca sanda. A 1977 gwamnatin soja ta haramta injin caca da ake kira kalo-kalo a duk Nijeriya. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen giya da na caca. Hukuncin addini kuwa ba ɓoyayye ba ne ga kowane almajiri, yana nan a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Amma a 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar, daga baya intanet ta biyo ta, sai tabarmar da aka naɗe a bayan tasha ta sake shimfiɗuwa a tafin hannun samari, inda ɗan hisba ba ya gani.

Yadda Wasan Yake

Kartar da ake foka da ita guda 52 ce, an kasa ta dangi huɗu, kowane dangi guda 13. Biyu jajaye ne, watau kubi da zi, biyu kuma baƙaƙe, ɗaya mai ganye uku, ɗaya mai kama da bakin mashi. A irin wasan da ya fi yaɗuwa, wanda ake dangantawa da Jihar Tekzas, akan ba kowane ɗan wasa karta biyu a rufe. Daga nan sai a buɗe uku a tsakiya, sa'an nan ta huɗu, sa'an nan ta biyar, kuma waɗannan biyar ɗin na kowa da kowa ne. Kowa zai haɗa karta biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin da yake gani. A kowane mataki akwai zubi. Wanda aka zuba wa kuɗi yana da zaɓi uku: ya bi da daidai abin da aka zuba, ko ya ɗaga, ko ya janye ya bar abin da ya riga ya sa. Kuɗin da suka taru a tsakiya su za a kira tuli a wannan maƙala.

Idan mutum ya haɗa karta biyar duk dangi ɗaya, ya sami abin da za a kira cikar dangi. Hannu ne mai ƙarfi, ya fi tagwaye, ya fi tagwaye biyu, ya fi 'yan uku, ya fi jerin lambobi biyar. Abin da yake kayar da shi kaɗan ne, kamar 'yan uku haɗe da tagwaye, ko 'yan huɗu. Ƙarfinsa ya zo ne daga wuyar samuwarsa, domin a cikin hanyoyi 2,598,960 da za a iya ɗebo karta biyar, guda 5,108 kawai suke ba da shi, in an cire waɗanda suka zo a jere. To, sau da yawa abin da yake faruwa shi ne mutum ya riƙe kubi biyu a hannu, a buɗe uku a tsakiya a ga biyu kubi ne. Yana da huɗu ke nan, saura ɗaya. A wannan lokaci hannunsa ba kome ba ne, ko tagwayen biyu-biyu sun fi shi, amma in kubi ɗaya ya faɗo ya zama sarkin tabarma. Wannan hali shi ne jiran cikon dangi, kuma shi ne hadarin da ake zubar da ruwan tulu dominsa.

Malamin na Bunguɗu a jami'a ya fara sanin wasan, kuma ta ƙofar ilmi ya shige shi. Yakan ce ilmin yiwuwar abu gaba ɗayansa daga tambayar ɗan caca ya tsiro, lokacin da Pascal da Fermat na ƙasar Faransa suka yi musayar wasiƙu a 1654. Yakan kawo John von Neumann da Oskar Morgenstern, waɗanda suka yi nazarin burgar 'yan foka a littafinsu na 1944 a kan wasanni da tattalin arziki. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce, a 2017 wata kwamfuta mai suna Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta kara da gwanaye huɗu a rabo 120,000 ta cinye su. Da sa'a ce kaɗai, in ji shi, da na'ura ba ta fi mutum ba.

Lissafin Mai Jira

Ga yadda malamin yake warware lissafin. Kubi 13 ne a duniya, mai jira yana ganin huɗu, saura tara. Karta 52 ce, yana ganin biyar, saura 47 da bai gani ba. Saboda haka damarsa a karta ta huɗu tara ce cikin 47, watau kamar kashi 19 cikin ɗari. Idan ta huɗu ta kuskure, damarsa a ta biyar tara ce cikin 46, kusan kashi 20 cikin ɗari. Idan kuwa zai ga duka biyun ba tare da an sake neman kuɗi daga gare shi ba, damarsa ta kai kashi 35 cikin ɗari, watau ɗan fiye da sau ɗaya cikin uku. 'Yan wasa suna da gajeriyar hanya: a ninka taran nan sau huɗu in karta biyu suka rage, a sami 36, ko sau biyu in ɗaya ta rage, a sami 18.

Sanin damar ba ya wadatarwa sai an auna ta da farashi. Alal misali, a ce karta ɗaya ta rage, tuli naira 3,000 ne, abokin karawa ya zuba naira 500. Mai jira zai sa 500 domin ya ci 3,500. A ɗauka an maimaita wannan hali sau 46. Sau tara zai ci, ya tara naira 31,500. Sau 37 zai faɗi, ya rasa naira 18,500. Riba ta zama 13,000, saboda haka bi shi ne daidai. Amma a ce abokin karawar cikin tuli ya zuba, watau 3,000. Cin nan tara zai kawo 54,000, faɗuwa 37 kuma ta kwashe 111,000, hasara ta zama 57,000. Karta ba ta sauya ba, damar ma ba ta sauya ba, farashi kaɗai ya sauya, amma abin da yake daidai ɗazu ya zama wauta yanzu. Iyakar da riba da hasara suke haɗuwa tana wajen naira 960, watau kusan sulusin tuli. Abin da ya haura haka tsada ne ga mai jiran karta ɗaya.

Akwai kuskuren da sababbin shiga suke yawan yi a nan. Sukan riƙe kashi 35 ɗin nan a ka su bi zubi bayan an buɗe karta uku, sun manta cewa kuɗin da suka biya na ganin karta ɗaya ne tak. In ta kuskure za a sake ɗora musu wani zubin wanda ya fi na farko. Kashi 35 yana aiki ne kawai idan wani daga cikin su biyun ya riga ya tura duk abin da ke gabansa, babu sauran abin nema.

Bugu da ƙari, akwai kuɗin da ba su shigo tuli ba tukuna. Idan an zuba wa mai jira rabin tuli, watau 1,500, lissafin sau 46 zai nuna hasarar naira 15,000. Amma in ya san abokin karawarsa mai taurin kai ne, wanda ko kubi na uku ya bayyana a tsakiya ba zai janye ba, to, a raba 15,000 ɗin nan gida tara, a sami kamar 1,700. Muddin zai iya tatsar fiye da haka duk ranar da danginsa ya cika, bin ya zama riba. Wannan kuwa sai an san halin mutum, kuma sai mutumin yana da sauran kuɗi a gabansa.

Dabara ta ƙarshe ita ce mai jira ya riga kowa zubi. David Sklansky ya yi bayaninta a littafinsa The Theory of Poker, kuma malamin yakan kira ta burga mai madogara. Wanda ya zuba naira 2,000 a kan tulin 3,000 da hannu wofi, sai abokin karawarsa ya janye sau biyu cikin biyar kafin burgar ta biya kanta. Amma mai jiran kubi yana da ƙofa biyu: ko a janye masa ya kwashe tuli nan take, ko a bi shi kubi ya faɗo. Domin haka janyewa kamar sau ɗaya cikin shida ta kusa ishe shi. Wani amfanin kuma shi ne ɓad da sawu, don in mutum ba ya zubi sai yana da babban hannu, kowa zai gane shi.

Sai dai ba duk taran nan ne tsarkakakku ba. Kubin da ya zo da lamba irin ta wata karta da ke tsakiya yana iya cika wa wani 'yan uku da tagwaye. Mafi muni kuma shi ne mutum biyu su yi jiran dangi ɗaya, domin a nan mai babbar karta shi ke ci, kuma babba a wannan wasa ita ce mai ɗigo ɗaya, sai sarki. Mai riƙe da ƙananan kubi ranar da ya yi murnar cikar danginsa ita ce ranar da za a yi masa ƙarƙaf.

Lissafin Wanda Ake Jira

Wanda yake riƙe da hannu mai ƙarfi, kamar manyan tagwaye, ya ga dangi ɗaya ya fito sau biyu a tsakiya, aikinsa shi ne juya wancan lissafi. Babban laifi a gare shi shi ne ya yi shiru don kada ya kori abokin karawa, domin ya ba shi karta kyauta ke nan, kuma sau ɗaya cikin biyar zai rasa tulin da yake nasa ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Idan ya zuba ƙasa da sulusin tuli, ya sayar da kaya a farashin da mai saye yake riba. Saboda haka gwanaye sukan zuba daga rabin tuli zuwa kashi biyu cikin uku, wani lokaci har cikinsa. Manufar ba korar mai jira ba ce, a'a, so ake ya bi a kan farashin da ya fi ƙarfin damarsa. Idan kuwa aka wuce gona da iri aka zuba ninkin tuli uku, masu jira duk za su gudu, ba mai bi sai wanda ya riga ya fi mai zubin ƙarfi.

Abu na biyu shi ne haƙuri ranar da kubi na uku ya faɗo. Mutumin da ya yi ta bi shiru-shiru, sa'an nan ya tashi da babban zubi, galibi danginsa ya cika. Wanda ya kasa rabuwa da tagwayensa a wannan lokaci shi ne mai taurin kan da aka ambata a baya, kuma da hannunsa ya mayar da kuskuren abokin karawarsa riba. Amma kuma wanda yake gudu duk lokacin da dangi ya fito sau uku, masu burga za su mayar da shi saniyar tatsa. Tsakanin waɗannan biyu babu ƙa'idar da lissafi zai yanke, sai nazarin mutum.

Kuɗin Taki

Malamin maraya ne, kawunsa ne ya riƙe shi da mahaifiyarsa a Tsafe, shi ya sa shi makaranta. Da yake tashin hankalin 'yan bindiga ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, gidan ya dogara ne ga 'yar gonar bayan gari, wadda ba ta ba da masara sai da takin zamani. Wata bazara dattijon ya sayar da waken da ya ajiye, ya haɗa da kuɗin adashin ƙanwarsa, ya damƙa wa malamin naira 200,000 ya sayo taki a Gusau, tun da ta nan yake bi duk ƙarshen mako tsakanin Bunguɗu da Tsafe.

A wannan lokaci malamin ya yi watanni yana wasa da 'yan kuɗi kaɗan daga albashinsa, yana rubuta ci da faɗuwa a littafi, kuma littafin ya nuna 'yar riba. Sai ya yi tunanin cewa dabarar da ta ba da ɗari za ta ba da dubu in an ƙara jari, ga shi kuma taki ya yi tsada, in ya ƙara ko buhu ɗaya ai gida ya yi wa. Ya kwana a ɗakin wani abokinsa a Tudun Wada, ya shiga babbar tabarma. Jira huɗu a jere suka kuskure masa, wani kuma ya cika amma ya tarar da mai sarkin dangin a gabansa. Kafin asuba saura naira 60,000 a hannunsa. Sai aka raba masa kubi mai ɗigo ɗaya da wani kubin, aka buɗe uku, biyu kubi. Tuli ya kai 100,000, abokin karawa ya tura abin da zai cinye duk sauran kuɗinsa. Ya yi lissafi: zai sa 60,000 ya ci 160,000, yana bukatar kashi 27 cikin ɗari, ga shi yana da 35, kuma ba wanda zai fi shi in dangi ya cika. Ya bi. Ta huɗu ta zo baƙa, ta biyar ta zo zi.

Hukuncin Kawu

Kwana uku ya yi kafin ya iya shiga motar Tsafe. Bayan sallar isha'i ya sami kawunsa a zaure, ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya faru, har ya zana lissafin a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Kawu, ku gafarce ni, na ci amana. Amma wallahi abin da lissafi ya ce shi na yi."

Dattijon ya daɗe yana duban zanen da fitila. Can ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba, amma na riƙa karta tun uwarka ba ta yi aure ba. Tara cikin arba'in da bakwai, wanga gaskiya ne, mu ma haka munka riƙa ƙirga ta da ka. Abu guda nika tambaya. Sau nawa za a raba karta kafin wanga lissafi naka shi zan gaskiya?"

Malamin ya ce sai an yi ɗaruruwa, ko dubbai.

Dattijon ya ce, "To, kuɗɗin taki nawa gare mu? Guda ne. Lissafinka na mai rumbu ɗari ne, wanda in ɗaya ya ƙone shina da sauran. Kai da rumbu guda ka shiga. Kuma mi mai tabarma ya rasa daren nan?"

Malamin ya yi shiru, domin ya san amsar. Mai tabarma, ko na bayan tasha ne ko na cikin waya, yana cire la'adarsa daga tuli, ba ruwansa da wanda ya ci.

Tambayoyin nan biyu na dattijon suna da gindi a ilmin da malamin ya karanta. Mai jiran karta ɗaya yana iya kuskurewa sau biyar a jere, kuma yiwuwar haka ta kai kusan ɗaya cikin uku. Ko mai ganin karta biyu, yiwuwar ya faɗi sau biyar a jere ta kai kamar ɗaya cikin tara. Masana lissafi sun daɗe da tabbatar da cewa mai ƙaramin jari da yake karawa da masu babban jari, in ya nace, ƙarshensa karyewa ko da wasan ba ya da zalunci. In aka ƙara la'adar mai tabarma, jimlar kuɗin da 'yan wasa suka zo da su raguwa take yi kullum, watau ƙwarewar matsakaicin ɗan wasa ba ta isa ta mayar masa da uwar kuɗinsa ba.

Washegari dattijon ya kira ƙanwarsa ya gaya mata gaskiya, bai rage kome ba. Aka kai tumakinta biyu kasuwa, aka sayi rabin takin da aka yi niyya, aka zuba shi a makare, masarar shekarar ta yi ƙaranci. Malamin ya yi wata takwas yana biya daga albashinsa. Mahaifiyarsa ba ta yi masa faɗa ba, sai dai ta daina ba shi ajiya, kuma wannan ya fi masa duka zafi. Har yanzu in zancen ya taso yakan ce bin da ya yi a rabon ƙarshe daidai ne, kawun kuma yakan ce bai taɓa musun haka ba, zaman da ya yi a tabarmar shi ne kuskure. Ya goge wasan daga wayarsa. In zai koya wa ɗalibansa darasin yiwuwar abu, sai ya zo da ƙwarya, ya zuba jar dawa ƙwaya tara da farar dawa 37, ya sa kowane yaro ya rufe ido ya ɗebo ɗaya, a rubuta a allo har a yi sau ɗari biyu. Sa'an nan ya nuna musu yaran da suka ɗebo fara sau takwas a jere ba tare da sun yi wani laifi ba.

Kammalawa

A taƙaice, lissafin jiran cikon dangi ilmi ne sahihi, kuma ƙa'idarsa tana da amfani nesa da karta: a san yawan ƙofofin nasara, a auna abin da za a sa da abin da za a samu, kada a biya fiye da ƙimar damar. Manomin Bunguɗu mai binne yana bin wannan ƙa'ida ko da bai san sunanta ba, domin tiya kaɗan ta iri yake sawa don ya sami damina mai tsawo, kuma ba ya binne duk irinsa, yakan rage na sake shuka. Haka ɗan kasuwar hatsi na Tsafe mai hankali ba ya kulle duk jarinsa a buhu. Bambancin shi ne, in binne ya yi kyau hatsi ya ƙaru a gari kowa ya amfana, amma abin da ɗan karta ya ci daga aljihun wani ya fito, wataƙila shi ma kuɗin taki ne.

Ga ɗaliban harshe kuma akwai abin lura. Malamin ya iya bayyana wa tsohon da bai shiga aji ba wannan lissafi da Hausa tsantsa, tsohon kuma ya gano raminsa da Hausa, da misalin rumbu. Wannan ya nuna cewa harshen yana da ƙarfin ɗaukar ilmin yiwuwar abu in an yi masa aiki, kuma ya kamata masu nazari su tattara kalmomin tsofaffin 'yan karta da 'yan dara na ƙasar Zamfara tun masu su suna raye. Allah ya tsare matasa daga neman gira a rasa ido, amin.